Tausar asibiti ga ciwon wuya da muƙamuƙi: magani ce ko ɓata kuɗi?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara. Mai ɗakina ta daɗe tana fama da ciwon wuya, daga ƙeya har kafaɗar dama. Yanzu kuma muƙamuƙi ya shiga ciki, in ta yi hamma sai ya ce ƙas, tauna nama ta zame mata aiki, da safe ta tashi da ciwon kai a gefe ɗaya. Likitan haƙori ya duba ya ce haƙoranta lafiya lau, ya tura ta sashen gashin ƙashi, wato fisiyo. Can kuma suka ce aikin hannu za su riƙa yi mata a wuya da muƙamuƙi, sai motsa jiki a gida. Gaskiya ban gamsu ba. Ba allura, ba ƙwaya, ko hoto ba su ce a yi ba. Tausa ce fa za mu riƙa biyan kuɗi da kuɗin mota dominta. Kuma me ya haɗa wuya da baki?

Hajiya Kaka: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya ɗana. Mu da muka taso, ruwan zafi da tsumma ne, a gasa wajen a shafa man zafi. In ya ƙi, a kira wanzami ya yi ƙaho.

Tela Mai Keke: Amin. Malam, ni ma ɗinki ya gama da wuyana, musamman gab da sallah da muke kwana a shago. Mai askina ne ke gyara min. In ya gama aski sai ya kama kaina ya juya dama ƙas, ya juya hagu ƙas, wallahi nan take nake jin sakayau. Ko sisi ba ya ƙara min. Ita da take mace, a samu wata ta yi mata a gida.

Anti Fisiyo: Malam Tela don Allah kar a yi mata wannan, zan dawo kanka. Baban Sadik, sannu da jinya. Aikina ke nan, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce tushen maganar.

Ka sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji abu yana motsi. Nan ne mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai, akwai ɗan faifan guringuntsi a tsakani. Sai ka cije haƙora ka taɓa kumatunka ta wajen kusurwar muƙamuƙi, za ka ji tsoka ta kumbura, ka taɓa gefen goshi saman kunne, nan ma haka. Waɗannan su ne manyan tsokokin tauna. Jijiyar da ke ɗauko saƙon zafi daga fuska da muƙamuƙi, da jijiyoyin da ke fitowa daga gaɓoɓi uku na saman wuya, duk waje ɗaya suke sauke saƙonsu a gindin ƙwaƙwalwa. Kamar gida biyu ne da aka ja musu wuta daga fal ɗaya, in ta lalace a can sama kowa sai ya gani a ɗakinsa. Shi ya sa matsalar saman wuya kan fito a matsayin ciwon kai ko na fuska, wanda ke yawan cije haƙora kuma wuyansa kan ƙage. Ga kuma zama. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, gaɓoɓin wuya 7 ne ke ɗauke da shi. In mutum ya saba tura kai gaba, kan waya ko keken ɗinki ko tsintar shinkafa, tsokokin ƙeya ba sa hutawa, kuma yadda muƙamuƙi ke zama ma yana canzawa. Don haka wanda ya ce zai duba mata duka biyun, ya san abin da yake yi.

Baban Sadik: Na gode Anti, wannan ya shiga. Amma batun hoto fa? Ta yaya za a yi magani ba a ga abin da ke ciki ba?

Anti Fisiyo: Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka, kuma yawancin irin wannan ciwon a tsoka da motsin gaɓa yake. Sannan in ka tara mutanen da suka haura hamsin waɗanda ba abin da ke damunsu ka yi musu hoton wuya, da yawansu za a ga zaizayar ƙashi. Sai a ce wa mutum "ƙashinka ya cinye", ya koma gida da tsoro, ya daina juya kai, ciwon ya ƙaru. Na ga wannan ba adadi, kuma yana ba ni takaici. Ana yin hoto in an faɗi ko an yi haɗari, ko an ga alamar da ke nuna laka ko jijiya ta matsu. In ba su ga haka ba, gwajin hannu da tambayoyi sun fi hoto faɗin gaskiya.

Malamin Sakandare: Anti, da girmamawa, kowa na yabon sana'arsa. Mai ƙaho zai ce ƙaho, mai ɗori zai ce ɗori. Mu da ba mu sani ba, da me za mu rarrabe? Ina hujjar cewa hannun naku ya fi na mai askin Malam Tela?

Anti Fisiyo: Tambayarka daidai ce Malam, ban ji haushi ba. A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta fitar da jagora kan ciwon muƙamuƙi da ya wuce wata uku, bayan an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya. Sun ce ciwon yana damun kashi 6 zuwa 9 cikin ɗari na manya a duniya. Abubuwan da suka ba da ƙarfi a kansu su ne motsa mahaɗar da hannun ƙwararre, danna ƙulluwan tsoka, atisayen muƙamuƙi da na gyaran zama ƙarƙashin kulawa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam don koyon sarrafa zafi da damuwa. Abubuwan da suka ce a guje musu ƙwarai kuwa sun haɗa da tiyatar cire faifan, da na'urar baki mai canza zaman haƙora har abada, da haɗa maganin kumburi da masu sa maye irin su tramadol.

Amma ba zan yi maka ƙari ba. A ciwon wuya, abin da aka sani shi ne aikin hannu shi kaɗai sauƙinsa ba ya daɗewa. Sai an haɗa da motsa jiki yake ɗorewa. Duk wanda ya ce ka riƙa zuwa yana danna ka wata da watanni bai koya maka abin da za ka yi da kanka ba, ko fisiyo ne, kuɗinka yake ci.

Malamin Sakandare: To na yarda da rabi. Rabin da ya rage shi ne, in dai motsa jikin ne ke aiki, me zai hana a rubuta mata a takarda ta yi a gida, a bar mijinta da kuɗinsa?

Maman Ilham: Malam bari ni in amsa wannan, don an yi min. Lokacin da na je, yatsa biyu ne kawai ke shiga tsakanin haƙorana, alhali ma'aikaciyar fisiyon ta ce yawancin mutane yatsu uku ke shiga. Da an ba ni takarda a lokacin, da ba zan iya ko ɗaya ba, don da na fara buɗewa zafi ke tsayar da ni. Ta kwantar da ni rigingine, ta sa yatsunta ƙarƙashin ƙeyata ta bar nauyin kaina ya sauka a kansu, ba ta juya komai ba. Can na ji kamar ana kwance min wani abu a bayan ido. Sannan ta sa safar hannu, ta sa yatsa cikin bakina ta gefen kumatu, babban yatsa a waje, ta kama tsokar a tsakani. Da ta taɓa wani ƙulli kamar ƙwayar wake, sai na ji zafin ya harba har cikin kunnena da haƙorin da na yi ta zargi. Ainihin ciwon da ke damuna ke nan, ta samo shi da yatsa. Ta riƙe wajen tana cewa in ja numfashi, a hankali zafin ya yi ta ja da baya. Da na tashi bakin ya ƙara buɗewa. A nan ne ta koya min atisayen, a gaban madubi, don ashe muƙamuƙina karkacewa yake yi gefe in na buɗe, ni ban taɓa lura ba. Takarda ba za ta gaya min wannan ba.

Baban Sadik, ka bar ta ta je. Mu mata mun iya shanye ciwo mu yi shiru, in har ta kai ga faɗa maka to ya kai mata ko'ina.

Baban Sadik: Haka ne Maman Ilham, ba mai yawan ƙorafi ba ce.

Tela Mai Keke: Anti kin ce za ki dawo kaina. Ni dai shekara da shekaru ake min, ban ga komai ba sai alheri. In ƙashin ya goce ai dole a mayar da shi, ƙarar da ake ji ke nan.

Anti Fisiyo: Malam Tela, ƙashinka bai goce ba. Da gaɓar wuya ta goce da gaske, da ba ka iya zama kan kujerar aski ba. Ƙarar nan iska ce da ke fitowa daga ruwan da ke cikin mahaɗa in an ja ta da sauri, irin ta ƙas ɗin yatsu. Sauƙin da kake ji gaskiya ne, ban ƙaryata ka ba, amma na ɗan lokaci ne, shi ya sa kake komawa.

Abin da ke tsorata ni daban ne. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ramukan gaɓoɓin wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma a can sama dab da kai suna lanƙwasa. Fizgar kai da ƙarfi na iya tsaga bangon jijiyar daga ciki, jini ya dunƙule, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko da matashi ne. Ba kasafai yake faruwa ba, gaskiya ce, amma mai aski ba shi da hanyar sanin wane ne wuyansa ba zai ɗauka ba. Mai ciwon gaɓoɓi irin na kumburi, mai raunin ƙashi, wanda tarin fuka ya taɓa masa ƙashin baya, mai shan maganin tsinka jini, duk waɗannan ba a fizgar musu wuya. Abin da akasari muke yi shi ne motsa gaɓar sannu sannu, kana farke kana gaya min inda ya yi zafi, in ka ce tsaya in tsaya.

Ɗan Sarkin Aska: Anti, ni gidan wanzamai na tashi, kuma ba na jin daɗin yadda ake ɗaukarmu kamar jahilai. Kafin a gina asibiti a garin nan su wa ke kula da mutane? Tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa, a asibiti ma ana samun kuskure.

Ma'aikacin Jinya: Ɗan'uwa ba wanda ya raina gidanku. Ni kaina mahaifina wanzami ke masa ƙaho har ya rasu. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Murɗa wuyan mutum ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ba ɗaure raƙumi ba ne.

Ɗan Sarkin Aska: Murɗa wuya ai ba aikinmu na gado ba ne, yaran shagon aski ne suka ɗauko a bidiyo. Mahaifina bai taɓa yi ba. Ƙaho nake karewa.

Anti Fisiyo: To a nan ba mu da faɗa sosai. Ƙaho kan ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara yadda mutum ke zama ko cije haƙora. In za a yi, aska ta zama sabuwa ga kowane mutum saboda ciwon hanta da ƙanjamau, kuma kar a kusanci gaban wuya ko gefensa.

Ma'aikacin Jinya: Tunda an zo nan, jama'a ku riƙe wannan, don ba duk ciwon wuya ko na muƙamuƙi ne na tausa ba. Wuya ya ƙage tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, musamman lokacin zafi, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano sun san ba a kwana da shi a gida. Baki ya ƙi buɗuwa kwanaki bayan ƙusa ko ƙarfe ya soki mutum, a yi tunanin tetanus. Zafi a muƙamuƙi ko wuya tare da nauyin ƙirji da gumi, musamman in an hau bene ko an yi sauri, zuciya ce ake tsoro. Haka in hannu ya fara rasa ƙarfi, cokali na faɗuwa, ɓalla maɓalli ya gagara, tafiya ta zama tangaɗi, ko ana ganin abu biyu biyu, harshe ya yi nauyi. Duk waɗannan asibiti kai tsaye, ba mai tausa ba, ba kemis ba.

Likitan Haƙori: Na shigo a makare, na karanta duka. Ina ƙara wa Malam na jinya guda biyu: kumburin fuska da zazzaɓi, wanda sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya, da kuma dattijon da ya haura hamsin da muƙamuƙinsa ke gajiya in yana tauna, gefen goshinsa na zafi in an taɓa. Wannan na biyun na iya taɓa gani, a gaggauta.

Baban Sadik, abokin aikina ya yi daidai da bai cire mata haƙori ba. Abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne in ga mace ta zo an cire mata turame biyu ko uku a wurare daban daban, ciwon na nan, don tun farko a tsoka yake. Haƙorin da aka cire ba ya dawowa. Ciwon ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ƙarar kuma ita kaɗai, in ba zafi ba maƙalewa, ba a yi mata magani, mutane da yawa suna da ita.

Ka lura da ita da dare ko tana goga haƙora da juna cikin barci. Da rana kuma ta riƙa tambayar kanta, haƙorana a haɗe suke? Ya kamata leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance a saman baki. Haƙora ba sa haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya. In tana gogawa, muna yin roba da ake sawa a kan haƙora da dare.

Anti Fisiyo: Likita, ita robar nan a jagorar da na ambata ba su goyi bayanta ba wajen rage zafi.

Likitan Haƙori: Na sani Anti, kuma ba na sayar da ita a matsayin maganin zafi. Amma wanda na ga haƙoransa sun cinye sun zama a shafe, zan ba shi don in ceci abin da ya rage. Wasu kuma suna dawowa su ce safiyarsu ta yi sauƙi, ba zan hana su ba. Abin da ba zan yi ba shi ne kankare lafiyayyun haƙora da sunan daidaita cizo.

Direban Adaidaita: Ni nawa wuyan daga hanya ne, ramuka da waige waige tun safe har dare. Diclofenac nake sha kullum kafin in fita. Ina laifi?

Ma'aikacin Jinya: Akwai laifi babba ɗan'uwa. Kullum, kuma ina zaton ba ka karya ba kake sha. Gyambon ciki da ciwon ƙoda ke nan kake kira, ga hawan jini. Maganin nan na 'yan kwanaki ne. Don Allah ka je a duba ka, kuma kar wani a tasha ya ce maka ga wanda ya fi shi ƙarfi.

Direban Adaidaita: Ranar da na je asibiti, ranar ba balas. Ku kuna da albashi ne.

Maman Ilham: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce ke hana mutane da yawa. Layi ma kaɗai ya isa ya cinye wuni.

Anti Fisiyo: Ban musa ba Malam direba. Abin da zan ce, ka faɗa musu halinka tun ranar farko, cewa ba za ka iya zuwa kowane mako ba, a ba ka abin yi a gida a tsawaita tsakanin zuwa. Muna yin haka. Kafin nan ga abin da ba ya cin kuɗi. In ka tsaya jiran fasinja, ka zauna daidai ka ja haɓarka baya kai tsaye, ba ƙasa ba, ka riƙe daƙiƙa biyar ka saki, kamar sau goma. Ka matse allunan kafaɗa baya ka saki. Ka gyara madubanka don ka rage waige. Da dare tsumma mai ɗumi minti goma zuwa sha biyar, kamar yadda Hajiya ta faɗa tun farko, wannan nata daidai ne. In wani motsi ya sa jiri ko ya harba zafi cikin hannu, ka bari.

Na muƙamuƙi kuwa, a ɗora kan harshe a saman baki bayan haƙoran gaba, a buɗe a hankali iya inda harshen bai rabu da wajen ba, a rufe. In hamma ta zo a tallafi haɓa da hannu. A daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana girki, a daina kwanciya rub da ciki, filo kuma ɗaya matsakaici.

Baban Sadik: To yaushe za mu san yana aiki ko ba ya yi? Kar mu yi ta zuwa ba iyaka.

Anti Fisiyo: Ku auna da abin da kuke gani. Yatsa nawa ke shiga baki, tana iya waigawa ta ga bayanta, safiya nawa take tashi ba ciwon kai. In tana yin atisayenta, cikin mako huɗu zuwa shida ya kamata a ga canji. In babu, ku ce a sake dubawa, haƙƙinku ne. Ɗan tsami na kwana ɗaya ko biyu bayan an yi aiki ba abin tsoro ba ne. Sannan Malam, ka yi haƙuri in faɗa, damuwa da rashin barci suna ƙara wannan ciwon ƙwarai. In akwai abin da ke cin ranta a gida, ko aiki ya yi mata yawa, hannuna ba zai kai nan ba, naka ne zai kai.

Baban Sadik: Na ji, kuma na gode da kika faɗa.

Amaryar Gwammaja: Tambayata, akwai mata masu yin aikin? Maigidana ba zai yarda namiji ya sa min yatsa a baki ba, ni ma ba zan sake ba.

Anti Fisiyo: Akwai mu da yawa yanzu, Jami'ar Bayero na yaye mu. Akwai sashen fisiyo a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Murtala. Ki faɗa tun wajen karɓar kati cewa mace kike so. In waje mai zaman kansa ne, ki tambayi lasisi. Hukumar MRTB ce ke yi mana rajista, tun 1988 aka kafa ta. Kuma ba kowane fisiyo ne ya saba da aikin cikin baki ba, ki tambaya kai tsaye ko ta saba.

Malamin Sakandare: Ni har yanzu ina ganin da a ce ana koyar da gyaran zaman nan a makarantu da shagunan ɗinki, da rabin layin ya ragu. Amma na janye maganar mai aski.

Tela Mai Keke: Ni ban janye duka ba, amma zan ce ya dakata da juyawar. Anti, keken nawa ya yi min ƙasa, shi ya sa nake duƙawa. In ɗaga shi?

Anti Fisiyo: Ko ka ɗaga teburin, ko ka rage tsawon kujera, yadda gwiwar hannunka za ta zo daidai da saman tebur. Ka sa fitila kusa da allura, don rashin haske ne ke jawo kai gaba. Duk rabin awa ka miƙe ko na minti ɗaya ne.

Hajiya Kaka: Likita, ni tawa tambayar ta goro ce. Muƙamuƙina na hagu na min zafi in na ci, amma tun ina budurwa nake ci. Sai na bari?

Likitan Haƙori: Ranki ya daɗe Hajiya, ki fara zuwa a duba, saboda shekarunki da kuma haƙoran wannan gefen. In tsoka ce, sai a ba ta hutu na ɗan lokaci daga goro da aya da rake da kilishi da cingam, a koma tuwo mai laushi, fate, alale, kunu, nama a yanka ƙanana. Ba har abada ba ne, in ya lafa ana komawa a hankali. Goron kuma in ba za ki iya haƙura ba, a goga miki a magogi, ki riƙa raba taunar gefe biyu, kuma kar ki ci bayan la'asar don yana hana barci.